Gidan da Gash Wondimu ya zana

Gash Wondimu da allunan mahauta ya fara sana'a a Addis Ababa, yana zana musu shanu. Wani mahauci ya rantse bijimin da aka zana masa ya fi kama da kare, ya hana shi ko sisi. Daga ranar Wondimu ya sallama dabbobi, ya koma zanen gine-gine, wai su ba su da fuskar da za a yi gardama a kai.

A jikin tsofaffin zannuwan gado yake gininsa. Ya haɗa biyu ko uku ya ɗinke, ya bi magina yana kwashe ragowar fenti a gindin gwangwani. Da damina ta fara ɗaukewa, furen adey ya rufe tsaunuka da ruwan ɗorawa, Sabuwar Shekarar ƙasarsu ta matso, to kakarsa ta yanke saƙa. Kowane gida sai an yi hoton iyali cikin fararen kaya, kuma babu mai son bangonsa na laka ya leƙo ta bayan kansa. Sai Wondimu ya rataya musu bene mai hawa uku, ga jirgin sama na wucewa, ga jar mota a ƙofa. Wani mai gadi ya taɓa cewa motar ta yi masa ƙanƙanta.

“Kai da ka zo a ƙasa?” in ji Wondimu. “Tsaya a yi maka, malam.”

Matarsa Alganesh kuwa ba ta taɓa yaba aikin ba. In ruwa ya tsuge tana jera kwanoni a tsakar ɗaki sai ta ɗaga murya, “Mai benaye! Zo ka ga naka yana yoyo.”

’Yarsu ɗaya, Birtukan, tana aikatau a Beirut. Takan ce a waya, duk ranar da uwar ɗakinta ta ƙure ta, sai ta rufe ido ta ga shuɗiyar ƙofar gidansu, ta ji sanyi a ranta. Shi ya sa da masu faɗaɗa titi suka shafa jan fenti a bangon, daga baya suka rushe gidan a tsakiyar damina, Wondimu ya hana a gaya mata. Suka kama ɗaki guda can gefen gari. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada labarin ya same ta ita kaɗai a ƙasar mutane, ba mai riƙe ta.

Ana saura kwanaki bikin Sabuwar Shekara ta kira. Abbaye take ce masa, uwarta kuma Emaye.

“Abbaye, don Allah bana kar ka tsayar da Emaye gaban benayen nan naka. Bene ya ishe ni, ni ke goge shi kullum. Ku tsaya a ƙofar gidanmu kawai.”

“Wannan ai mai sauƙi ne,” in ji shi.

Mai sauƙi! Mutumin da ya tsufa yana yi wa talauci kwalliya, yau shi ne zai zauna ya zana rusasshen gidansu har da tsatsarsa. Hannunsa ya ƙi. Ya ja bango sai ya fito a miƙe sambal, ya zana kwanon rufi sai ya fito sabo fil kamar yanzu aka sauke shi daga mota. Ya goge, ya sake, yana tsaki.

Alganesh ta ce ba ruwanta da ƙarya, amma ta kasa zama.

“Tsagewar ba nan take ba. Daga ƙasan taga ta faro.”

“Ke za ki gaya mini gidana?”

“Ni na zauna a ciki. Kai kana bene.”

Ita ta tuna masa baƙin hayaƙi a kusurwar da take gasa injera, gurasarsu, da wurin da fentin ƙofa ya ɓare saboda gogar kafaɗa, da ƙusar da ake rataya laima. Shi ashe bai taɓa lura da rabinsu ba. Da aka gama ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta share ido da gefen mayafi, ta ce fentin ne ke da yaji.

Ranar biki aka ɗaure zanen a bangon mai gidan hayarsu. Alganesh ta baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta dasa kujera da tukunyar kofi, hayaƙin turare ya ɗan lulluɓe gefen zanen. Zewdu mai hoto, wanda ya sha kofi a tsohon gidan ba sau ɗaya ba, ya leƙa na'urarsa ya ɗago da baki buɗe.

“Gashe, na rantse saura kaɗan in ƙwanƙwasa.”

Wondimu ya ji kansa ya yi girma. Duk benayen da ya gina, ba wanda aka taɓa yi masa irin wannan yabo. Aka tura hoto, aka ci miyar kaza, ya yini yana ba maƙwabta labarin yadda ake haɗa launin tsatsa.

Kafin la'asar waya ta yi ƙara. Birtukan ce, tana dariya tana kuka.

“Abbaye, na gani! Har ƙusar laima! Dā na yi niyyar in ƙara shekara biyu, amma ina ganin ƙofar nan na ji ba zan iya ba. Na riga na gaya wa matar nan na gama. Kafin Kirsimeti ina gida. Kuma ka ji, kar ka gyara komai. Ko tsagewar nan kar ka taɓa, haka nake son in same shi.”

“Ba zan taɓa komai ba, ’yata,” in ji Wondimu.

Ya ajiye wayar a hankali. Yayyafin ƙarshen damina ya fara sauka, shuɗin ƙofar ya soma zuba a kan ciyawa. Bai tashi ba. Alganesh ce ta kwance igiya, ta naɗe zanen, ta rungume shi a ƙirji.

“To,” ta ce, “wa zai gaya mata, ni ko kai?”