Dabinon Badar da Ƙofar Maƙwabci

Ana sallame sallar asuba a Haramin Madina muka kama hanyar Badar, mu uku. Akwai ni, da maƙwabcina na unguwar Harra ta Yamma mai motar, haifaffen nan, wanda in ka yi masa Hausa sai ya mayar maka da Larabci. Na ukunmu baƙona ne, ɗan kasuwa daga Zangon Kwatano a ƙasar Benin. Ya zo Umara, amma da guzurin wata niyya: ya tattaro duk jarinsa zai sayi dabino ya loda a jirgin ruwa, ya isa Kwatano kafin azumi.

Hanya sumul, ta ratsa baƙaƙen duwatsu, ba rami, ba mai tsare ka ya ce a ba shi na goro. Baƙona sai waige-waige yake, wai shi bai saba tafiya mai nisa haka ba tare da ya sa hannu a aljihu ba. Mun tsaya a Musaijid muka karya da ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa mai zafi. Da ya ga kuɗin man da aka cika mana tanki, ya kwatanta da na robar ruwa, ya ga ruwa ya fi mai tsada, sai da ya yi salati.

A nan ya warware mini yadda kasuwarsu take. Ƙasarsu ƙarama ce, abin da take nomawa ta sayar waje bai wuce auduga ba, ita ma wasu ne ke yanka mata farashi. Abin da ke riƙe da gwamnati tashar jirgin ruwa ce. Duk kayan da Najeriya ta hana shigowa ko ta tsawwala wa haraji, su sai su sassauta, kaya su sauka Kwatano, su bi ta iyaka su shige Ikko da Kano. Shinkafa, atamfa, gwanjo, tsofaffin motoci, duk haka ne. Ya ce su zaure ne, kaya a wurinsu suke sauka amma a cikin gida ake ci.

Da hantsi muka gangara Wadi Safra, zafi kamar bakin tanderu. Mai gonar wani dattijon Balarabe ne, ya shimfiɗa mana tabarma a inuwa, ya kawo gahawa da ɗanyen dabino mai narkewa a baki. Al'adarsu a nan, ana sayen amfanin gona tun yana bisa itace, da zarar ya fara sauya launi. In an sa hannu cikin hannu, magana ta ƙare. Ka kawo masu girbi, riba taka, faɗuwa taka.

Dattijon ya tambayi baƙona, ni ina tafinta: "Mutanenku wane iri suke so, safawi ko barni?"

Baƙona ya ce, "Kanawa safawi suke nema."

"Na ce mutanenku."

Ya sosa ƙeya. Shekara da shekaru yana safarar dabino, bai taɓa sanin wanda 'yan ƙasarsu ke so ba, don bai taɓa sayar musu ba. Muka yi dariya, har da shi. Aka daidaita a kan safawi, aka tafa hannu, dattijon ya sa albarka.

Bayan azahar muka ziyarci shahidan Badar, muka juyo. Muna tsakiyar duwatsu jawwal ɗin maƙwabcina, wato wayarsa, ya yi ƙara. Ƙanin baƙona ne daga Kwatano, da yake lambar maƙwabcina aka ba shi, ya kira ya sanar da wansa: Najeriya ta rufe iyakarta da su, saboda fasa-ƙwauri da 'yan fashin da ke tsallakowa. Motoci sun yi layi, ba shiga ba fita, kuma ba wanda ya san ranar buɗewa.

Maƙwabcina ya taka birki. Yau dai Hausa ta zo masa. "Ya Hajji, mu koma. Wallahi shaibin nan mai gona mutumin kirki ne, zai warware maka cinikin."

Baƙona ya girgiza kai. Ya ce, "Alhaji, ja mu tafi. Na riga na ba da hannu. Ƙasata ba ta da mai, ba ta da zinariya. In maganarmu ma ta zama ba abin riƙewa ba, me ya rage mana?"

Gaskiya tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushi. Shugabanni biyu sun saɓa, amma mai jarin dabino ne zai kwana da ciwon kai. Ban ga laifin mai gida in ya kulle ƙofarsa ba. Laifin na wanda ya gina rayuwar jama'arsa a zauren wani ne, bai tanadi ko rumfa tasa ba. Abin da na koyo a tafiyar ke nan.

La'asar sakaliya muka shigo Madina. Kafin mu isa gida baƙona ya ce a tsaya a kasuwar dabino. Ya sayi ɗan kwali guda na barni, ya ɗora a cinya. Na ce mai gona guda kuma yana sayen kwali? Ya ce na iyalinsa ne, zai kai musu su ɗanɗana, ya ji wanda suke so.

Ya shafa kwalin ya ce, "Wannan dai ba sai ya tsallaka iyaka ba."

Har yau da nake wannan rubutu ba a buɗe ba, dabino kuwa yana can yana nuna.