Ranar da Na Ga Magini a Gona

Shekarata ta huɗu da fara koyarwa aka maido ni Filinge, garinmu. Sojoji ne ke mulki a lokacin, kuma mutane na ɗari-ɗari da duk abin da ya yi kama da ƙungiya. Saboda haka taimakon da zan ba da labarinsa ba shi da suna, ba shi da ofis. Waɗansu 'yan Kurfai ne, wato yankinmu, da ke aiki a Yamai suka yi shawara tsakaninsu, kowa ya riƙa cire ɗan abu daga albashinsa a ƙarshen wata, a haɗa a ba wani direba ya kawo gida, don mutanen da ciwo ya kwantar har suka kasa neman abinci.

Mu uku aka ɗora wa rabon. Akwai tsohon majo, ma'aikacin jinya ne da ya daɗe a gidan likita kafin ya yi ritaya, shi ya san ciwon kowa. Akwai wani Alhaji mai sayar da hatsi, a rumfarsa muke zama bayan la'asar. Ni kuma an sa ni ne don ni ke rubuta wasiƙa zuwa Yamai, kuma ina da keke.

Mutum biyar muke kai wa. Cikinsu akwai wani dattijo maƙwabcin mahaifiyata, maginin rumbu. Ina yaro na sha ganinsa a kan tsani yana ɗora laka zobe-zobe, yana shafe ta da tafin hannu har rumbu ya fito kamar tulu. Daga Tabla har ƙauyukan Imanan ana zuwa ɗaukarsa. Sai huka, ciwon sarƙewar numfashi, ta kama shi. Da farko lokacin sanyi kawai take tashi, daga baya ta zauna masa. In ya yi tafiyar da ba ta kai daga gida zuwa masallaci ba sai ya tsaya ya dafa bango, ƙirjinsa na kuka. 'Ya'yansa biyu mata ne, suna aure nesa. Shi da matarsa kaɗai ne a gidan. Abin da muke kai masa shi ke sayen ƙwayoyin da majo ya rubuta, ragowar a sayi hatsi.

Baba nake ce masa, shi kuma tun da na fara aiki ya daina kiran sunana, sai Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu.

Wata safiya cikin damina, hatsi ya kai gwiwa, na hau keke zan duba gonar mahaifiyata. Hanyar ta bi ta gefen tasa gonar, wadda shekara uku ke nan dangin matarsa ke noma masa wani yanki. Sai na hango mutum tsaye da hauya mai doguwar ƙota, yana tura ta yana ja. Na rage gudu na duba. Shi ne. Ya naɗe riga a ƙugu, yana aiki a natse irin na wanda ya saba. Ban tsaya ba. Na ce a raina kada in ba shi kunya, na taka kekena na wuce.

Kwana uku bayan haka muka zauna a rumfar Alhaji. Majo ya zo da magana: akwai wata mata a bayan kasuwa, mai sayar da ƙosai, ɓarin jikinta ya shanye tun bayan salla. Mijinta ya rasu, tana da yara ƙanana huɗu. Abin da ke zuwa daga Yamai kuwa ba ya ƙaruwa, in aka raba shi shida ba wanda zai iya sayen magani.

Alhaji ya ce, "To cikin biyar ɗin nan babu wanda ya ɗan ji sauƙi?"

Ba wanda ya tambaye ni kai tsaye. Ni na buɗe baki na ce, "Na ga magini shekaranjiya waccan a gona, yana noma."

Majo ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Mushe, huka haka take. Tana sakin mutum wuni guda ta kama shi wata guda. Ka tsaya ka yi magana da shi?"

Na ce ban tsaya ba, amma da idona na gan shi.

Alhaji ya ce shi ma ya ji ana ƙananan maganganu a kasuwa, wai ana ba masu ƙarfi ana barin na kwance, kuma in maganar ta kai Yamai masu aikowa za su janye. Majo ya yi ta musu, amma da aka ce masa to wa za a cire, sai ya haƙura. Muka tsaida magana a mai da rabon magini ga mai ƙosai. Aka ce tunda maƙwabcinmu ne, ni zan gaya masa.

Na yi kwana biyu ina kewaye gidan. A rana ta uku na shiga da hantsi. Na same shi zaune a tabarma, ya jingina da bango, an tara masa matasai a baya don ba ya iya kwanciya sosai. Kafaɗunsa na ɗagawa suna sauka. Matarsa na gefe tana tsince ganyen tafasa. Na durƙusa na gaishe su, na yi ta zagaye-zagaye, daga ƙarshe na faɗi abin da ya kawo ni, har da dalilin.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Wa ya gan ni?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Kai ne mai keken nan da ya wuce? Na ce wanga kamar Mushe. Mi ya hana ka tsayawa mu gaisa?"

Na gyara durƙusona.

Ya ce, yana tsayawa tsakanin kalmomi yana jan numfashi, "Ran nan na tashi na ji ƙirjina a buɗe. Rabon da in ji haka har na mance. Na ce bari in tahi in ga hatsi. Da na isa na ga hauya a gindin itace, hannuna ya ɗauka. Kuyya biyu na nome, Mushe. A ta ukku na zamna. A amalanken jaki aka maido ni."

Matarsa ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Tun ranar bai taka ƙohwar gida ba."

Na ce zan koma in gaya musu, a sake dubawa. Ya ɗaga hannu ya ce a'a. Ya san matar, ya sha cin ƙosanta. "Ita tana da ɗiya ƙanana. A bar mata. Kada a ce an amshe daga bakin marayu an ba ni."

Da na fito matarsa ta biyo ni har zaure. Ta ce, "Mushe, ni ban ce ka yi ƙarya ba. Amma shekara ukku ina roƙon Allah ya ba shi rana guda da zai tashi. Allah ya ba shi, kai kuma ka kai rahoto." Ta koma ciki.

Na koma wajen majo da Alhaji na faɗi yadda muka yi. Majo ya ci gaba da jan carbinsa. Alhaji ya ce an riga an kai wa mai ƙosai nata, ba a shiga gidan mara lafiya a ce ya dawo da abin da aka ba shi. Na rubuta wa mutanen Yamai na roƙi a ƙara, suka amsa cewa su ma nauyi ya yi musu yawa, a yi haƙuri zuwa baɗi.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda labarin ya bi gari. Sauran mutum huɗun suka ji cewa an cire magini don an gan shi a tsaye. Akwai wata tsohuwa mai ciwon ƙafa da takan dogara sanda ta je suna ko gaisuwar mutuwa a unguwa, sai ta daina. Wani tsohon mahauci mai ciwon ciki, wanda yakan lallaɓa masallacin Juma'a, shi ma aka daina ganinsa. Wata rana na kai masa rabonsa, tun daga waje na ji muryarsa yana wasa da jikokinsa a tsakar gida. Ina yin sallama sai na ji motsi da sauri. Da na shiga na same shi kwance a ɗaki, ya ja zane har wuya. Na ce, "Baba, ba abin da na zo dubawa." Ya ce, "Na sani, Mushe," bai tashi ba har na fita.

Tun daga lokacin in na ratsa unguwa a keke sai in ji kamar ana rage murya.

Magini ya rage shan magani, ƙwaya ɗaya a maimakon biyu, daga baya sai in ta tashi sosai. Matarsa ta aika da awakinta biyu kasuwar Baleyara, sannan ta fara yi wa matan ma'aikata a bariki surfe da daka. Duk wata nakan ba mahaifiyata wani abu daga albashina ta kai musu a matsayin nata. Ban san ko sun gane ba. Mahaifiyata ta ce matar takan karɓa ta yi godiya, ba ta taɓa tambaya ba. Abin bai kai rabin wanda suke samu a da ba.

Na ci gaba da zuwa gaishe shi. Bai taɓa sake tada maganar ba. Yakan tambaye ni yaran lakwal, wato makaranta, ko ya ba ni labarin wata laka mai kyau da ake haƙa a wani tafki wajen Bonkuku. Ni ne nake kasa zama, in ya fara tari sai in nemi dalilin tashi.

Daga baya mulkin soja ya ƙare, aka shiga siyasa. Aka fara yin watanni ba a biya ma'aikata ba, mu da mutanen Yamai duka. Direba yakan zo hannu wofi, wani watan ya kawo rabi. Sai kuɗin ƙasa suka faɗi, magani ya yi tsada. Ba wanda ya taɓa cewa an daina taimakon, kawai dai wata rana muka lura mun daɗe ba mu zauna a rumfar Alhaji ba. Magini bai ga wannan ba, ya rasu tun kafin nan, cikin sanyi, shekara biyu bayan an cire shi. Majo ya ce mini ko da maganin ma huka ta riga ta ci zuciyarsa. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko don ya ga halin da nake ciki ne.

Mai ƙosai ta rayu shekaru da yawa. Hannunta bai dawo ba, amma ta koma tafiya tana jan ƙafa, babbar ɗiyarta ta karɓi kaskon. Duk inda ta gan ni sai ta tsaida ni ta yi ta sa mini albarka a gaban mutane, tana cewa ni na tsaya mata lokacin da ba ta da kowa. Nakan tsaya in ce amin har ta gama.

Matar magini ta koma wajen ƙanenta a Imanan bayan ta fita takaba. Ranar da za ta tafi na je na taimaka aka ɗora kayanta a mota: tabarmi, ƙwarya, tukwane biyu da turmi. Na ce mata, "Inna, ki gahwarta mini." Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Allah shi gahwarta muna duka," ta shiga mota. Ban sake ganinta ba.