Inda Dogo Ya Ƙare

Ban taɓa mantawa da ranar da wan shugaban tasharmu ya iso Ƙauran Namoda a ƙasa ba. Shekarar fari ta biyu ce, ina akawun kaya, wato mai karɓar abin da tarago ya kawo ya miƙa wa mai shi. A Ƙaura layin dogo ya ƙare. Mutanen Isa da Sabon Birni sai sun zo nan su hau jirgi.

Shugaban namu, Malam Bawa, mutumin Gatawa ne, bai daɗe da dawowa daga kwas a Turai ba. In aiki ya lafa yakan ba mu labarin jiragen cikin birni. Ya ce na Landan rami ne mai zurfi, taragon ƙarami, dogon mutum sai ya sunkuya a bakin ƙofa. Na Faris tashoshinsa kusa-kusa suke, wasu ma a kan tayar roba suke gudu. Shi na Faris ya fi so, don ko tsohuwa ba ta yin nisa kafin ta kai tasha. Yakan ce wata rana dogo zai ratsa Isa da Sabon Birni har Maraɗi.

A makon da wan nasa ya iso anka kawo taragu na masarar taimako, ta ƙasar Gobir. Mun sauke, mun killace, muna jiran motocin da za su kai ta arewa. Mutanen da anka aiko wa ita kuwa sun riga sun baro gidajensu, suna tururuwa tasha za su kudu cin rani.

Da hantsi sai ga wani dattijo, Mamman, da yarinya a kafaɗa. Malam Bawa ya fito da sauri ya durƙusa, ya ce, "Yaya, ina Inna?"

Mamman ya ce ta biyo su, wai za ta wurin ɗanta mai jirgi. Jakin da take bisa ya faɗi bayan Isa, sunka ci gaba a ƙasa. Kusa da Shinkahi ta kwanta gindin wata aduwa, ba ta tashi ba. Nan sunka rufe ta.

Malam Bawa bai yi kuka gabanmu ba. Ya dubi buhunan masarar, ya shiga ofis, ya sallami jirgin kudu a kan lokacinsa, sannan ya ce mini, "Riƙe tasha, za ni in ga kabarin."

Bayan damina ya ajiye aiki ya koma Gatawa.

Ku da kuke sabbin hannu a aikin nan, mu 'yan jirgi muna auna tafiya daga tasha zuwa tasha. Fasinja kuwa tun daga ƙofar gidansa ya faro. In kun ga mutum ya iso da ƙura har gwiwa, ku fara ba shi ruwa kafin ku tambayi tikiti.