Zaren da Inna Almakashi Ta Ƙi Yankewa

Shekara ashirin da shida Inna Almakashi ta yi tana aikin jinya a ɗakin tiyata, kuma babban aikinta yankan zare ne. Kada ku yi dariya. Likita zai ɗinka jijiyar jini da zaren da bai kai kaurin gashi ba, ya ƙulla sau uku, ita tana gefe, idonta a madubin ƙara girma, ta datse jelar. A gida kuwa zare a allura sai ta nemo tabarau, 'ya'yanta na yi mata tsiya. Shayin safe ma ta haƙura da shi, wai yana sa hannu rawa.

Wata Talata da hantsi aka kawo wani kafinta, zarto ya guntule masa babban yatsan dama. In jini bai koma yatsan nan ba, shi da guduma har abada. Likitar sabuwar zuwa ce, hannunta ba laifi. Ƙulli takwas ake so kewaye da jijiyar. Tana ƙullawa Inna na datsewa, har na biyar.

A na shida almakashin ya tsaya.

"Yanke mana, Inna," in ji likita.

"Ba zan yanke ba, 'yata. Allurarki ta kamo bangon jijiyar na baya. Kin ɗinke wa jinin hanya."

Ran likita ya sosu, don a gaban jama'a ne. Inna ma tana tsoron kada ta ci fuskar yarinyar mutane a banza, ga lokaci na tafiya. Likita ta juya jijiyar ta leƙa. Ai kuwa ga zaren can, ya tsuke bango biyu wuri ɗaya. Nan take ta warware ta sake.

Da aka gama aka saki jini, ƙasan farcen ya fara ja. Daɗi ya kama Inna har ƙwalla ta ɓata mata madubi.

Bayan wata biyar sai ga kafinta a ƙofar ɗakin hutun ma'aikatan jinya, riƙe da 'yar kujerar da ya sassaƙa.

"Na kawo wa likita, ta ce taki ce, Inna."

Ko kallon kujerar ba ta yi ba. Ta miƙa masa yatsarta.

"Matse, in ji."

Ya matse.

"Kai, ɗan nan, sake ni," in ji ta, tana dariya. "Da hannun nan nake aiki."