Ranar da Aka Kwashe Baba da 'Yan Garuwa a Abuja

Ko da zan manta da komai na zamana a Abuja, ba zan manta da ranar da aka jefa mahaifina a mota aka ce shi ba ɗan ƙasar nan ba ne. Shekaru sun wuce, Baba ma ya riga mu gidan gaskiya, amma abin yana nan daram a raina.

Ni 'yar Daura ce, a can aka haife ni, a can na yi karatu, aikin jinya ne ya kai ni Abuja. Na kama haya a wata unguwa ta bayan gari, a gidan wani dattijo Bagwari, gida mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. Akwai Yarbawa a cikinmu, akwai 'yan Tibi, akwai mutanen Kogi, kowa da abin da ya kawo shi. Wadda ta samo min ɗakin ita ce Maman 'yan biyu, 'yar ƙabilar Ibo da aka haifa a Daura. Mahaifinta ya daɗe yana da kemis kusa da tasha, kuma a unguwa ɗaya muka tashi duk da ta girme ni. In tana Hausa ba ka ganinta, sai ka rantse 'yar cikin birni ce.

Baba ya zo wurina ne don a yi masa aikin ido. Dillalin shanu ne tun yana saurayi, ga shi da ciwon suga, don haka bayan aikin likita ya ce ya zauna kusa da ni ya huta kafin ya koma gida. To amma mutumin da ya saba wuni a kara ina zai iya zaman ɗaki? Ba a jima ba ya gano inuwar wani mangwaro kusa da rijiyar burtsatse, inda 'yan garuwan unguwarmu suke hutawa. Yawancinsu samari ne daga Nijar, 'yan Matameye da Magarya. Mahaifiyar Baba kuwa 'yar Matameye ce, sai ga shi ya san kakannin wasunsu, har ya taɓa cinikin shanu da iyayen wasu. Kullum da hantsi sai ya naɗa rawaninsa ya tafi hira. A wurinmu mutanen Daura wannan ba abin magana ba ne. Muna zuwa bikinsu, suna cin kasuwarmu, da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a tsallaken iyaka.

Ranar ina wurin aiki wayata ta yi ƙara. Maman 'yan biyu ce.

“Ki nemi izini ki taho yanzu,” in ji ta. “An zo kamen baƙi a bakin burtsatse, an kwashe 'yan garuwa, an haɗa da Baba.”

Na ce, “Wane Baban?”

“Babanki mana. Na bi motar da gudu ina yi musu bayani, ko kallona ba su yi ba.”

Ban san yadda na fito daga asibitin ba. A bakin titi na tarar da ita cikin tasin maƙwabcinmu, wani Bayarabe mai yawan barkwanci, amma ranar fuskarsa a ɗaure take. Ya sauke fasinjojinsa a hanya ya ba su haƙuri, ya kuma yi tambaya har ya gano inda aka kai su. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne Baba bai sha maganinsa na rana ba, bai kuma ci komai ba tun kokon safe.

Muka isa wani ofishin hukumar shige da fice mai babban fili. Can na hango su zaune a ƙasa a gindin katanga, Baba a tsakiyar samarin, idon da aka yi wa aiki a rufe da auduga. Wani saurayi ya cire rigarsa yana kare masa rana da ita. Jami'in da ke bakin ƙofa ba ya jin Hausa, sai na yi masa bayani da Turanci cewa tsohon nan mahaifina ne, haifaffen Daura. Ya tambaye ni katinsa na ɗan ƙasa. Na ce yana gida Daura, don Baba bai taɓa tunanin zai buƙace shi ba. Jami'in ya girgiza kai. Ya ce ya ga rawanin, ya ga zanen fuskar, ya kuma same shi cikin baƙi, saboda haka da la'asar mota za ta kwashe su duka zuwa kan iyaka, in ina da magana in je can in yi.

A nan na zauna a kan dakali ina kuka. Maman 'yan biyu ba ta zauna ba. Ta koma gefe tana ta buga waya, tana magana da harshe wajen uku.

Kafin azahar sai ga mutane sun fara isowa. Mai gidanmu ne ya fara sauka daga babur, da sandarsa da hularsa ta saƙi. Sai wata maƙwabciyarmu 'yar Tibi mai sayar da sakwara, ta rufe rumfarta ta taho da kwanon abinci a ɗaure cikin ɗankwali. Sai limamin masallacin unguwa, da faston ƙaramin cocin da ke bayan gidanmu, su biyun a keke napep ɗaya. Wasu ma gaisuwa ce kawai take haɗa ni da su. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya zagi kowa. Tsayuwa kawai suka yi a bakin ƙofa, mai gida ya ce wa jami'in cikin ladabi ba za su tafi ba sai sun ga babba.

Da taron ya yi yawa sai shugabar wurin ta fito da kanta. Mace ce mai kamala, daga baya na ji 'yar wajen Jos ce, tana jin Hausa sosai. Ta sa aka kawo Baba, aka ba shi kujera.

“Baba, kai mutumin ina ne?” ta tambaye shi.

“Ranki ya daɗe, a Daura aka haife ni, a Daura aka haifi ubana,” in ji Baba. “Uwata dai 'yar Matameye ce, ba zan ɓoye miki ba. Lokacin da kakannina suke auratayya da mutanen can, ba wanda ya ja layi a tsakani. Yaran nan kuwa da kika gan ni cikinsu, hira muke yi.”

Ta ce, “To wa zai shaide ka, ban da 'yarka?”

Maman 'yan biyu ta matso gaba, ta ɗan rusuna.

“Ni ce, ranki ya daɗe. Na buɗi ido na gan shi a unguwarmu. Ranar da mahaifiyata ta tashi haihuwar ƙanena, babana ya yi tafiya saro magani, wannan tsohon ne ya nemo mota ya kai ta asibiti, matarsa ta zauna da mu. Kowace Sallah da hannunsa yake kawo mana nama. In shi ba ɗan ƙasa ba ne, to ban san wanda yake ɗan ƙasa ba.”

Shugabar ta dube ta daga sama har ƙasa, ta dubi sarƙar gicciyen da ke wuyanta.

“Ke kuma 'yar ina ce?”

“'Yar Daura. Iyayena daga kudu suka zo, amma a can aka binne cibiyata. A rijiyar Kusugu muka yi wasan yarinta ni da yayyen wannan.”

Shugabar ta yi murmushi. Ta juya ga mai gida da liman da fasto, kowannensu ya ce ya san tsohon, ya kuma tsaya masa. Sai ta ba Baba haƙuri a gaban kowa, ta ce kuskure aka yi, ya tashi ya tafi gida.

Baba bai tashi ba. Ya nuna samarin da ke gindin katanga.

“Ranki ya daɗe, waɗannan fa? Ba ɓarayi ba ne. Su suke shayar da unguwar nan.”

Na ce a raina Baba zai ɓata mana abin da aka gyara. Amma mai gida ya buga sandarsa a ƙasa ya ce gaskiya tsohon ya faɗa, shi kansa ya san da yawansu, wasu ma a shagonsa suke kwana. Shugabar ta ce doka ce ta sa ta aiki, ba za ta saki kowa da ka ba, amma duk wanda ya shigo ta hanya kuma aka sami mai tsaya masa, za ta sallame shi ya je ya gyara takardun zamansa. Nan fa maƙwabta suka shiga nuna waɗanda suka sani. Mai sakwara ta tsaya wa mai kawo mata ruwa, fasto ya tsaya wa wani, liman ya tsaya wa wasu. Ba duka aka saki ba, kuma har yau ina tuna fuskokin waɗanda muka bari. Amma mafi yawansu tare muka fito.

Komawarmu gida kamar an ɗauko amarya. Mai tasi yana gaba da Baba a kujerar gaba yana ta danna oda, babura da keke napep na biye, samarin a bayan wata a-kori-kura suna ɗaga hannu. Mata suka fito ƙofar gidaje suna tafi. A tsakar gida aka shimfiɗa tabarmi, kowace mace ta fito da abin da ta dafa, tuwo da sakwara da dafa-duka, aka zauna aka ci tare. Baba ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, Musulmi da Kirista kowa yana amsawa da amin.

Abin da ranar ta koya min shi ne ƙasa ba kati ba ce kawai, ba kuma kamannin fuska ba. Mutanen da za su rufe rumfarsu su bar sana'arsu su tsaya maka a rana, su ne ƙasarka. Yanzu na dawo Daura da aiki. Duk ranar da aka kawo mana majinyacin da ba ya jin Hausa, ko wanda ya tsallako iyaka neman magani, ba na fara tambayarsa daga ina yake. Kujera nake fara ba shi, in tambaye shi inda yake masa ciwo.