Ranar da Na Cire wa Surukina Takalmi

Har yau ranar da aka kawo mana na'urar sauraren jijiya tana nan a raina. Lokacin ina babbar nas a wani ƙaramin asibitin mishan kusa da Kagoro, saura 'yan shekaru in yi ritaya. Mu biyar ne kawai, a kwano ɗaya muke cin tuwo, kuma ina kewar zaman nan ƙwarai.

Na'urar ba ta fi rediyon aljihu girma ba. Likitan da ke zuwa daga Kafanchan duk Laraba ya koya mana aikinta: a kwantar da mutum, a ɗaura masa abin awon jini a hannu, a ɗora bakin na'urar a kan jijiya a saurara, sannan a maimaita a idon sawu. In awon ƙafa ya gaza na hannu sosai, to jijiyoyin sun taurare sun ƙuntace, jini ba ya isa ƙasa.

Wanda ya fara shigowa ranar shi ne Baba Ayuba, wan mahaifin mijina, dattijon ikilisiya, manomin citta. Wata shida ke nan yana zuwa wurina da kukan ƙafa, wai in ya ɗan yi tafiya sai ta ɗaure masa. Ni kuwa in auna shi a hannu, in ba shi maganin ciwon jiki. Suruki ne fa. Ina ni ina ce masa ya tuɓe takalmi?

Likita ya miƙo min na'urar. "Sista, ke za ki yi."

Na yi tsaye kamar an dasa ni. Baba ya lura.

"Matan ɗana, cire mana. Ƙafa ne kawai, ba wani abu ba."

Na durƙusa na cire. Ƙafar hagu ta yi sanyi ƙalau, yatsu biyu sun fara baƙi, ya naɗe su da tsumma. A hannu na'urar ta yi ta huci da ƙarfi. A idon sawu sai da kowa ya yi shiru kafin muka ji wani ɗan motsi.

"Na sama yana waƙa, na ƙasa yana barci," in ji Baba.

Likita bai yi dariya ba. Ya tambaye ni tun yaushe yake zuwa, na faɗa masa gaskiya. Bai yi min faɗa ba. Ya rubuta takardar tura shi Jos, ya ce da an ƙara wata guda, ƙafar ce gaba ɗaya za ta tafi.

An yanke yatsun biyu, ƙafar ta tsira. Baba ya koma hawa tudu zuwa sujada a coci da sandarsa, bai kuma taɓa ɗora min laifi ba. Ni na ɗora wa kaina, don kunyata ce ta ci yatsun nan.

Shi ya sa nake muku naci, ku sababbin nas. Ko wane ne ya kwanta a gabanku, fasto ne ko suruki, ku gaishe shi da ladabi, sannan ku durƙusa ku duba ƙafarsa.