Baba Ilu Mai Fassara Mana Finafinan Kaboyi Ya Rasu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan, ina kan hanyar kai ma'aikata Dir'iyya da ke gefen birnin Riyadh, aka kira ni aka ce Baba Ilu ya rasu a asibiti. Ciwon ƙirji, kwana ɗaya tak.

Na sauke mutanen, na ajiye mota, na sake tayar da ita. Tun ɗazu nake zagaye unguwar Shumaisi, na kasa shiga layin su Baba Ilu.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Ilu mutumin Jos ne, mai gadin wani gidan bene a nan Riyadh. Da ƙuruciyarsa shi ke juya na'urar majigi a wata silima a can gida, kuma har ya tsufa bai rabu da finafinan kaboyi da na yaƙi ba, irin na da ɗin nan marasa kala.

Lokacin da na zo ƙasar nan, kafil ɗina, wato ubangidan da ya tsaya mini, ya ja mini rai kafin iƙamata, takardar izinin zama, ta fito. Tsoron fita nake. Baba Ilu, da ba mu haɗa komai ba sai Hausa, ya shimfiɗa mini katifa a ɗakinsa na gadi. Kullum bayan la'asar zai haɗa shayi, ya kunna tsohuwar laptop ɗinsa, ya zauna yana fassara mini. Murya daban ga shugaban ɓarayin shanu, murya daban ga ɗan sandan gari. Wani lokaci ina zargin ƙari yake yi, don ban yarda akwai Baturen da ya taɓa cewa "uwarka ta haifi wani" ba.

Idan fim ya ƙare ba ya bari a kashe. Sai an karanta sunayen nan masu hawa sama har na ƙarshe.

"Sani, kai mai harbin kake kallo," in ji shi. "Ni wanda ya zauna ya rubuta masa maganar nake nema."

Ya san wane jarumi ne ya yi soja da gaske, wane ne ko doki bai iya hawa ba. Finafinan yaƙi kuwa ba ya fassara su da wasa. Wata rana ana nuna wani soja yana rubuta wasiƙa a cikin rami, sai ya daina fassarar, fim na ta tafiya. Daga baya ya ce yayansa ya tafi yaƙi bai dawo ba, ko wasiƙa ba su samu ba. Bai sake ɗauko zancen ba.

Juma'ar da ta wuce na biya ta wajensa bayan masallaci. Ya sayo shinkafar kabsa, ya ce in zauna, ya samo wani fim da ya shekara talatin yana nema. Na ce aiki na jira na a unguwar Shifa. Ba aiki ba ne, wallahi, barci kawai nake ji.

Ya ce, "To, ba komai. Na ajiye mana, ba zan kalla ni kaɗai ba."

Ɗazu na kira 'yarsa Hauwa a Jos, don ni ke da lambarta. Sau uku ina dannawa ina kashewa. Da na faɗa mata, sai ta tambaye ni ko yana da mutane a nan, ko shi kaɗai yake zaune. Na ce mata ɗakinsa ba ya rabo da baƙi, 'yan Najeriya da 'yan Maraɗi, har mazauni ake rasawa. Ta ce to, alhamdulillahi, abin da ke damunta ke nan tun tafiyarsa.

Yanzu takardu muke bi wajen kafil ɗinsa. A nan za a binne shi. Da zarar an sa lokacin jana'iza zan sanar, wanda ke kusa ya daure ya zo, in tura wa Hauwa hoto ta ga sahu ya cika.

Allah Ya jiƙan Baba Ilu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya sa shi a addu'a.